Duwatsun Mandara: Ba Jamus Ce Ta Raba Su Biyu Ba

Tun da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agusta na 2014, sunan Duwatsun Mandara ya shiga bakin mutane, har a majalisun manoman rani na Kura da Bunkure. Da an tambayi dalilin da ya sa ƙabila ɗaya take da ƙafa ɗaya a Nijeriya ɗaya a Kamaru, sai ka ji an ce aikin Jamusawa ne. Ni ban yarda da wannan magana ba.

Duwatsun sun miƙe kusan kilomita 200, daga kusa da kogin Binuwai zuwa wajajen Mora. Mafa, Kamwe, Glavda, Dghweɗe da wasu ƙananan ƙabilu ke zaune a kansu tun da daɗewa, masarautar Wandala kuma tana gindinsu. Manomin Kadawa da ke jiran ruwan Tiga ya biyo kanal zai jinjina wa mutanen nan, domin su jeren duwatsu suka yi hawa-hawa a jikin tsauni, suna tare ƙasa da ruwan sama, suna noma dawa. A da, a Sukur har tama suke narkawa, kuma a 1999 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Nijeriya.

Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar wa Ingila Yola, amma layin da ya nufi Tafkin Chadi ta yammacin duwatsun ya bi. Ke nan Mubi, Madagali, Gwoza da Dikwa duk ƙasar Jamus ce, duwatsun kuma suna hannu ɗaya. A 1902 hafsan Jamus Hans Dominik ya ci rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa, mulkin Jamus ya tabbata.

Jamusawan ba su zo da iyali sun kafa ƙauyuka ba. A nan 'yan tsirarun hafsoshi ne da sojojin Afirka, sai suka jingina da sarakunan fili. Laifinsu na gaskiya ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Hamman Yaji na Madagali ya sa an rubuta masa kundin al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki ana lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen dutse da bayin da aka kamo, a ƙirga su tare da shanu. A zamanin Jamus ya fara, Faransa da Ingila suka zo suka same shi yana yi, ba a tuɓe shi ba sai 1927.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Kyaftin Ernst von Raben ya haye dutsen Mora da mutanensa a 1914. Garwa ta faɗi a 1915, sauran Jamusawan Kamaru suka tsere kudu, shi kuwa bai miƙa wuya ba sai 18 ga Fabrairu, 1916. Daga ranar mulkin Jamus ya ƙare a wurin, bai cika shekara 15 ba.

Rabon da ake kuka da shi Ingila da Faransa suka yi. Sanarwar Milner da Simon ta 1919 ta ja sabon layi ta cikin duwatsun, aka ƙara tantance shi a 1931, Kamwe suka faɗo ɓangaren Ingila, 'yan uwansu Kapsiki suka faɗa ɓangaren Faransa. Masu ɗora wa Jamus suna cewa ai da ba ta zo ba da babu Kamaru. Haka ne, amma wanda ya yanka duwatsun ake tambaya.

A ƙuri'ar raba-gardama ta 1959 mutanen Arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin Ingila sun ce a dakata tukuna da batun shiga Nijeriya, abin da ya girgiza gwamnatin Sardauna. A Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni aka haɗe su da sunan Lardin Sardauna. Da rigimar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru ta kai Kotun Duniya, hukuncin 10 ga Oktoba, 2002 da takardun Ingila da Faransa ya yi aiki a kan Mandara, ba da na Jamus ba.