Ɗura Ruwa Mai Gas Don Ƙara Tatso Ɗanyen Mai Daga Duwatsun Kabonet: Matsayin Kwarin Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta duba dabarar narkar da iskar CO₂ cikin ruwa a ɗura shi a rijiyar mai, sannan ta auna dabarar da yanayin ƙasar Karaye, Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. Matsayarta ita ce, dutsen farar ƙasa na kwarin Sakkwato ya dace da gwajin ɗakin bincike tun yanzu, amma bai kai zurfin da za a ɗura masa irin wannan ruwa a fili ba.

Gabatarwa

An ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na man da ke jibge a ƙarƙashin ƙasa a duniya yana cikin duwatsun kabonet, wato dutsen farar ƙasa da danginsa. Irin wannan dutse yana da wuyar sha'ani. Tsage-tsage sun yi masa yawa, kuma sau da dama fuskarsa ta fi riƙe mai a kan ruwa. Idan aka ɗura masa ruwa zalla, sai ruwan ya bi tsagar da ta fi sauƙi ya fito a rijiyar da ake zuƙo man, ya bar mafi yawan man maƙale a ƙananan ƙofofin dutsen.

Dabarar ɗura ruwa mai gas ba sabuwa ba ce. An gwada ruwa mai gas a filayen mai na Oklahoma a Amurka tun ƙarshen shekarun 1950. Daga baya hankali ya koma kan ɗura iskar tsurarta, kamar yadda aka fara a filin SACROC na Texas a 1972, da Weyburn na Kanada a 2000, dukansu a duwatsun kabonet.

Yadda Dabarar Ke Aiki

CO₂ ta fi son mai a kan ruwa. Da zarar ruwan ya haɗu da man da ya maƙale, sai iskar ta bar ruwan ta shige cikin man, ya kumbura, kaurinsa ya ragu, ya samu damar motsawa. Fifikon wannan hanya a kan iska tsura shi ne, iskar ba ta da nauyi, takan haye sama ta tsere wa man, alhali ruwan da ya sha gas yakan ɗan fi ruwan gishiri na ƙasa nauyi, ya riƙa tafiya a jere yana share dutsen. Haka kuma bai buƙatar iska mai yawa.

Sai batun tsami. Ruwan da ya ƙoshi da CO₂ a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi yakan sauko zuwa kusan pH 3, ya fara cin dutsen: CaCO₃ + CO₂ + H₂O → Ca²⁺ + 2HCO₃⁻. Wannan ci yana buɗe hanyoyi, yana kuma sa fuskar dutsen ta saki man. Amma a nan ne haɗarin yake. Cin yakan taru a bakin rijiyar ɗuri, ya haƙa dogayen ramuka da ruwa zai riƙa zurarewa ta ciki. Can gaba kuma, inda matsi ya ragu, abin da ya narke yakan sake daskarewa ya toshe ƙofofi. Bututun ƙarfe ma tsatsa na saurin cin sa.

Kwarin Sakkwato

Yankin da ake nazari yana gefen kudu na kwarin Sakkwato, wanda shi kansa ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar har Mali. A cikin shimfiɗun kwarin akwai na Kalambaina, dutsen farar ƙasa na zamanin Paliyosin, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ke fasawa tun shekarun 1960. Har yau ba a samu man kasuwanci a wannan kwari ba, saɓanin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019, ko Agadem a Nijar da ta fara haƙo nata a 2011.

Babban cikas shi ne zurfi. Matsin ruwa na ƙaruwa da kusan bar 10 (ma'aunin matsi) a kowace mita 100, kuma yawan iskar da ruwa zai riƙe ya dogara ne da matsin. Shimfiɗar Kalambaina kuwa tana kusa da doron ƙasa, har tana leƙowa a wurare da yawa. Ruwa mai gas a can zai yi abin da lemon kwalba ke yi idan an cire murfi. Sannan shimfiɗun sama, musamman na Gwandu, su ne rumbun ruwan da rijiyoyin burtsatse ke zuƙa, na sha da na ban-ruwan albasa. Marubucin na ganin babu gangar man da ta kai a yi kasada da wannan ruwa.

Abin da yankin ke da shi a hannu shi ne dutsen gwaji da tushen iskar. Duk tan ɗaya na tsantsar dutsen farar ƙasa da aka gasa a tandun siminti yana sakin kusan kilo 440 na CO₂. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero na iya yanko gunduwoyin dutsen Kalambaina, a cika su da ɗanyen mai, a ratsa musu ruwa mai gas a matsi da zafi daban-daban. Ma'auni uku ne ya kamata a fara da su: yawan man da ya fito, yawan kalsiyam a ruwan da ya tsallaka, da ƙarfin dutsen bayan ruwan ya ci shi.