Gavelock: Kalmar da Ta Tashi Daga Mashi Ta Koma Sandar Ƙarfe

Gavelock tsohuwar kalma ce ta Ingilishi. Mutanen arewacin Ingila da na Sikotlan suna kiran doguwar sandar ƙarfe da ita, irin wadda ake cusa bakinta a ƙarƙashin dutse ko gungume, a danna ɗaya gefen don a ɗaga shi, ko a ɓamɓare abin da ya kafe. Yawancin masu jin Ingilishi na yau ba su taɓa jin ta ba, alhali ta haura shekara dubu a rubuce. Sai dai a farkon zamaninta makami take nufi, wato gajeren mashin da ake jifa da shi.

Siffarta mafi daɗewa ita ce gafeluc, a tsohon Ingilishin da ake yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066. A wancan harshe, harafin f idan ya faɗo tsakanin wasula biyu ana furta shi kamar v, shi ya sa rubutun baya ya bi lafazi ya koma gavelock. Ƙarshen kalmar yakan ruɗi mai karatu, domin ya yi kama da lock, wato kwaɗon kulle ƙofa, amma ba su haɗa komai ba. Ɗafi ne kawai da aka liƙa wa saiwar.

Saiwar kuwa masana sun fi danganta ta da harsunan Keltawa, mutanen da suka riga masu jin Ingilishi zama a Ingila da maƙwabtanta. A tsohon harshen Ailan, gabul na nufin abu mai reshe biyu, kamar gwafa. A harshen Wales gafl ma haka take nufi, kuma daga gare ta aka sami gaflach, sunan mashin jifa. Dangin kalmar sun bazu a Turai: Jamusawa suna kiran cokali mai yatsu Gabel, Romawa kuma suna da gabalus, gungumen da ake rataye mai laifi a kai, kalmar da ake ganin daga Keltawan ƙasar Gaul suka aro ta. Bayanin da aka fi kawowa kan yadda gwafa ta zama mashi shi ne cewa sunan ya fara ne daga makami mai baki a rabe ko mai kunne, daga baya ya game kowane ƙaramin mashin jifa.

Shahararren wurin da kalmar ta fito a tsohon Ingilishi shi ne labarin kisan Edmund, sarkin Gabashin Angliya, wanda mayaƙan Viking suka kashe a 869. Wani malamin coci mai suna Ælfric ya rubuta labarin a ƙarshen ƙarni na 10. Ya ce sun ɗaure sarkin a jikin bishiya, suka yi ta jifansa da waɗannan masu kamar masu wasa, har jikinsa ya koma kamar na bushiya. Kalmar da ya zaɓa wa makamin ita ce gafeluc. Su ma mutanen arewacin Turai suna da tasu, gaflak. A tarihin sarakunan Norwe da Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1230, an nuna Sarki Olaf Tryggvason a yaƙinsa na ƙarshe a kan teku, wajen shekara ta 1000, yana jifa da irin wannan mashi bibbiyu a lokaci guda.

A Faransanci kalmar ta zama gavelot da javelot, a tsohon Jamusanci kuma gabilot. A nan ne darajar makamin take fitowa fili. A labarin Perceval na Chrétien de Troyes, na ƙarshen ƙarni na 12, da na Parzival wanda Wolfram von Eschenbach ya rubuta a farkon na 13, yaron da ya tashi a daji bai san komai na sarauta ba da wannan mashi yake farauta, kuma da shi ya kashe wani barde mai jajayen kayan yaƙi. Mawallafan suna sane da abin da suke nunawa. Barde da takobi da dogon mashi yake yaƙi, gaba da gaba. Jifa daga nesa aikin mafarauci ne da dakare da baƙauye. Ba banza ba ne kuma Chrétien ya mai da yaron ɗan Wales. Tun yana makami, ke nan, gavelock kayan talaka ne, kuma wannan ya taimaka wajen fahimtar inda sunan ya dosa daga baya.

Da baka mai ƙarfi ya yi rinjaye a fagen fama, sannan bindiga ta biyo baya, mashin jifa ya rasa muhimmanci a yaƙin Ingila. Da Ingilishi ya sake buƙatar suna gare shi, sai ya aro javelin daga Faransanci, wadda 'yar'uwar gavelock ce ta jini. Ita ce kalmar da ake amfani da ita a wasan jifan mashi, wanda ya shiga gasar Olamfik ta maza a Landan a 1908, ta mata kuma a 1932. Tsohuwar kalmar ta gida ba ta mutu ba, sana'a ta sake. Zuwa ƙarni na 16 da na 17 ana samun ta a takardun lissafin kayan gado na manoma da maƙera a arewacin Ingila, jere da guduma da gatari da shebur, kuma a can sandar ƙarfe take nufi.

Dalilin wannan sauyi a siffa yake. Sandar doguwa ce, miƙaƙƙiya, mai tsini a baki ɗaya, ana kuma riƙe ta a caka a ƙasa kamar yadda ake caka mashi. Wasu ma ɗaya bakin nasu a tsage yake don cire ƙusa, abin da ya mai da kalmar kusa da ma'anarta ta asali, ko da masu furta ta ba su sani ba.

Aikinta ya dogara ne da ƙa'idar da Archimedes na Sirakus ya bayyana tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Idan sanda mai tsawon santimita 150 ta jingina a kan ɗan dutse da ke santimita 15 daga bakinta, gefen da ke hannun ma'aikaci ya ninka ɗayan sau tara, ƙarfinsa ma sau tara zai ninku. Wanda ya danna da nauyin kilo 50 zai motsa dutse mai kilo 450. A ƙasa mai duwatsu kamar Yorkshire da Cumbria, inda aka kewaye gonaki da makiyaya da katangun dutse marasa laka, a da irin wannan ƙarfe ba ya rabuwa da gida. Masu fasa dutse suna raba falale da shi, masu haƙar darma suna ɓallo tama, magina suna gyara zaman manyan duwatsu. Makiyayan tumaki kuwa wani aiki daban suke ba shi. Da hunturu akan killace tumaki a gona da shingen katako mai ɗaukuwa, su cinye abin da ke wurin, sannan a matsar da shingen gaba. Kowace matsarwa tana buƙatar sababbin ramukan kafa turaku a ƙasar da sanyi ya daskarar, kuma da gavelock ake huda su, kamar dai aikin da dagi yake yi.

Da yake kalmar ta zauna a bakin leburori fiye da alƙalamin malamai, kowane yanki ya tauna ta yadda ya ga dama. Akwai gablock da gavlock a Ingila, akwai gellock a Sikotlan. John Jamieson ya shigar da ita ƙamusunsa na harshen Sikotlan a 1808, Joseph Wright kuma ya tattara siffofinta a babban ƙamusun karin harsunan Ingilishi mai mujalladi shida, wanda ya fito tsakanin 1898 da 1905.

Wasu ma'anoni biyu sun tsiro a gefe. Masu haɗa zakaru faɗa suna kiran tsinin ƙarfen da suke ɗaura wa zakara a ƙafa gablock, wato ƙaramin mashi, har doka ta hana wasan a Ingila da Wales a 1835, a Sikotlan kuma a 1895. A Sikotlan ɗin an kuma kira wani ƙaramin ƙwaro mai wutsiya kamar hantsaki da wannan suna. A nan tsohuwar ma'anar reshe biyu ce ta sake leƙowa, domin masu harshen Gaelic, ɗaya daga harsunan Keltawa, su ma suna kiran ƙwaron gobhlag, wato 'yar gwafa.

Kalmar da ta ture gavelock daga daidaitaccen Ingilishi ita ce crow, sunan hankaka, wadda aka fara kiran sandar da ita wajen 1400 saboda bakinta ya yi kama da baki ko ƙafar tsuntsun. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan Romeo da Juliet, inda limamin coci ya aika a kawo masa ƙarfen da zai buɗe kabari. A ƙarni na 18 aka ƙara mata bar ta zama crowbar. Akwai masu cewa sunan ya samo asali ne daga Jim Crow, laƙabin wulaƙanci da aka yi wa baƙaƙen fata a Amurka, amma wannan zance ba shi da tushe, tunda kalmar ta girmi laƙabin da ɗaruruwan shekaru. Sanya wa wannan ƙarfe sunan dabba ma al'ada ce a Turai: ƙafar barewa a Faransanci, ƙafar saniya a Jamusanci da harshen Holan, ƙafar akuya a Sifaniyanci da harshen Fotugal, ƙafar alade a Italiyanci. Duk tsagin bakin suka duba, wanda ya yi kama da kofato.

Ƙamusun zamani suna sa wa gavelock alamar tsohuwar kalma ko ta karin harshe. Ta bar baya a wani wurin kuma. Masu harshen Gaelic na tsaunukan Sikotlan suna kiran sandar ƙarfen geimhleag, kuma Alexander MacBain, a ƙamusunsa na asalin kalmomin harshen na 1896, ya nuna cewa daga maƙwabtansu masu Ingilishin Sikotlan suka aro ta. Kalmar da ta fita daga harsunan Keltawa da ma'anar gwafa ta dawo cikin ɗayansu da ma'anar ƙarfen ɗaga dutse, tana zaune kusa da gobhal, wato gwafa, da gobhlag, waɗanda saiwarsu ɗaya da ita.