Yadda Islamiyya ta Sulhunta Allo da Boko

Kafin zuwan Turawa, da allo yaron ƙasar Hausa yake auna kansa. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya fitar da iyayensa kunya, wanda ya haddace aka kira shi alaramma, wanda kuma ya zarce makarantar ilimi yana iya zama limami ko alƙali. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara wa malanta daraja, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kai karatu har ga matan karkara ta hannun 'Yan Taru.

Da Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawar Kano a 1909, iyaye da yawa sun ɗauke ta hanyar raba yaro da addininsa. Suna da hujja, domin a Kudu 'yan mishan ne ke riƙe da makarantu. Sai aka wayi gari ɗan boko yana cin albashi amma ana shakkar imaninsa, almajiri kuwa ana girmama shi a masallaci, sai dai babu takardar da zai nemi aiki da ita.

Gyara ya faro daga Kano. Makarantar Shari'a da aka kafa a 1934 ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, tana haɗa fiƙihu da Turanci, kuma Sheikh Abubakar Gumi na cikin waɗanda suka yi karatu a can. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano ya tsaya wa makarantun Islamiyya, inda aka kawo benci da aji-aji da jarrabawa cikin karatun addini. Wannan ne ya kwantar da hankalin iyaye. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da FOMWAN ta mata a 1985, suka yawaita irin waɗannan makarantu.

'Yan mata ne suka fi cin moriyar abin. Mahaifin da a da ba zai bar 'yarsa ta taka boko ba, sai ga shi yana tura ta can da safe, Islamiyya da yamma, har ta fara burin zama likita don mata su riƙa duba mata. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a 1986 ta sa mahaddata suka zama abin koyi a jami'o'i ma. Yaran tsangaya da ke bara a titunan birane kuwa, mafi yawansu har yau sulhun nan bai iso gare su ba.