Alaramman tsibirin Robben

Wani mai karatu daga Kalfu, a jihar Tawa, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa a tsibirin da aka tsare Mandela, tun kafin a haifi kakan Mandela, an taɓa kulle wani malami shekara 13, yana cikin mari ya rubuta Alƙur'ani izu 60 da ka. Yana son ya san ko gaskiya ne, ko kuwa irin ƙarin gishirin da akan yi wa labarin waliyyai ne.

Malamin an yi shi, Alƙur'anin da ya rubuta ma yana nan har yau a wani masallaci na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Shekara 13 ɗin da marin su ne ban yarda da su ba.

Mu a nan ba mu da teku, shi ya sa in aka ce kurkukun tsibiri abin yakan yi mana nisa. Amma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Nasara in ya ga mutum yana da jama'a, yakan fi son ya raba shi da masu jin maganarsa a kan ya kashe shi. Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa a 1906 suka tura shi Kodebuwa. Samori a wani tsibiri na kogin Ogowe a Gabon ya cika a 1900. Suna kuma da gidan kaso na Fotoba a tsibiran Los, daura da Konakiri, inda Waliyyin Gumba na Futa Jalo ya rasu a 1912. Turawan Holan sun riga su wannan aiki da shekara fiye da 200.

Kamfanin kasuwancin Holan na gabas ya kafa zango a Kef a 1652, bai daɗe ba kuma ya gano amfanin ɗan tsibirin da ke bakin mashigar jiragensa. Tsawon tsibirin, mai suna Robben, kilomita 3 ne da ɗoriya, faɗinsa bai cika 2 ba. Fili ne shimfiɗe, iska na kaɗawa ta kowane gefe, ruwan rijiyoyinsa da zartsi. Gaɓar da ta fi kusa kilomita 7 ce, har wanda ke tsaye a bakin ruwa yana hango dutsen nan mai miƙaƙƙen kai da ke bayan birni. Sai dai ruwan da ke tsakani sanyinsa na kashe jiki, ga igiya mai ƙarfi. Autshumato, wani shugaban mutanen Khoi, ya samu kwale-kwale ya tsere a 1659. Makhanda, jagoran yaƙin Xhosa, ya gwada a 1820, jirginsu ya kife, ya nutse. Waɗanda suka ƙetare da rai ba su da yawa.

Mai riƙe da tsibirin ƙaramin jami'in kamfani ne da ƴan sojoji kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai tarkacen mutane da ba abin da ya haɗa su sai hukunci: bayi da suka gudu ko suka ɗaga wa iyayengijinsu hannu, makiyayan Khoi, Sinawa, mutanen tsibiran gabas, har da sojoji da matuƙan jirgi Turawa da suka yi laifi. Da yawansu sai an yi musu bulala da lalas a birni kafin a sa musu mari a ƙetarar da su. Aiki biyu ne ke cin ƙarfinsu. Suna fasa wani dutse mai shuɗi-shuɗi da ake dakonsa zuwa birni don gini da daɓe, suna kuma bin gaɓa suna tsintar katantanwar teku, a ƙona ta a sami farar hodar da ake kwaɓin gini da ita. Tsofaffin gine-ginen kamfani a Kef da gumin waɗannan mutane aka tashe su. A 1751 an tona asirin wani shiri na fursunoni na yin bore tun ba su kai ga tashi ba.

Akwai kuma rukuni na biyu, wanda labarinmu ya shafa: sarakuna, ƴaƴan sarauta da malamai da kamfani ya kwaso daga ƙasar da yau ake kira Indunusiya. Su ba sata suka yi ba. Waɗansunsu ana ba su ɗan abin masarufi, ba a sa su fasa dutse. Azabarsu ita ce nisa, da sanyin da ba su saba da shi ba, da zaman da ba a faɗa wa mutum ranar ƙarewarsa.

Cikin wannan rukuni aka kawo Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam, wanda mutanen Kef ke kira Tuan Guru, babban malami. An haife shi a 1712 a Tidore, ɗaya daga cikin tsibiran da kanumfari ya fito. Kanumfarin nan da muke jefawa a kunu da shayi shi ne silar wahalarsa. Kamfani ya ƙudurta ba mai sayen kanumfari a duniya sai ta hannunsa, har yana tura mutane su sare itatuwan a tsibiran da bai amince a shuka ba don kada farashi ya faɗi. Ingilishi kuwa suna ta neman ƙofar shiga. Aka tuhumi Abdullahi da haɗa baki da su, aka sa shi jirgi tare da mutum uku, suka sauka Kef ranar 6 ga Afrilu, 1780. Yana da shekara 68. A lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo saurayi ne ɗan shekara 20 da wani abu yana yawon wa'azi a Gobir, malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, wanda ƙasar Adar ta sani, yana raye.

Daga nan ruwaya ta rabu biyu. Wadda ta fi yaɗuwa, wadda masu yi wa baƙi jagora ke maimaitawa, ta ce daga jirgi aka wuce da shi tsibiri, bai sake taka birni ba sai 1793, waɗansu su ce 1792, kuma a wannan zama ya rubuta kwafin Alƙur'ani da dama. Ta biyu ta fito daga Shafiq Morton, ɗan jarida na Kef Tawun da ya wallafa tarihin malamin a 2018 bayan ya bi takardun kamfani. Shi ya ce sau biyu aka kai shi: daga 1780 zuwa 1781, sannan daga 1786 zuwa 1791. Wato zaman tsibirin duka wajen shekara 6 ne. A lissafinsa kwafi 5 malamin ya rubuta, na farko a tsibiri, mafi yawa kuma bayan ya fito, yana da shekara 80 da ɗoriya.

Ni ta biyun na ɗauka. Kamfanin nan ɗan kasuwa ne, bakin da ya ciyar sai ya rubuta shi a littafi, saboda haka in takardunsa suka ce wane ya bar tsibiri a shekara kaza, na fi gaskata su da abin da aka riƙa faɗa bayan ƙarni biyu. Shekara 13 kuma ba ta da wuyar gane inda ta fito: a cire shekarar da ya sauka daga shekarar da ya buɗe makaranta, ita za a samu. Akwai kuma wani abu da tsohuwar ruwayar ba ta iya warwarewa. Yaya tsohon da ba wanda ya taɓa gani a gari zai fito daga tsibiri, nan da nan ya sami gidan da zai karantar, da mata, da almajirai? In kuwa ya yi shekara 5 a tsakani yana cikin mutane, suna jin karatunsa, abin ya zauna daidai. Batun mari ma haka. Hannun da ya wuni yana riƙe da guduma ba ya zama da dare ya fitar da baƙi da wasali shafi bayan shafi.

Kada mai tambaya ya ga kamar na rage wa malamin daraja. Mutumin Adar ya fi Bature mai yawon buɗe ido sanin nauyin abin da aka yi, domin rubuta Alƙur'ani da ka a wurinmu ba almara ba ce, ita ce shaidar alaramma. Mun kuma san abin da ke riƙe da shi. Alaramma a tsangaya yana tilawa dare da rana cikin gardawa, in ya yi tuntuɓe akwai mai tsayar da shi. Yana kai allonsa darasu a duba masa. Yana da harji da yake rarrabe ayoyi masu kama da juna, ya san wannan kalma sau nawa ta zo da wawu, sau nawa ta zo babu. In shakka ta kama shi, ga gafaka a rataye, sai ya buɗe. Abdullahi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba mai duba masa, dokar kamfani ta hana yin Musulunci a bainar jama'a, Larabci kuma ba harshen uwarsa ba ne, kamar yadda ba namu ba ne. Duk da haka waɗanda suka bi rubutun nasa sun ce kurakuran kaɗan ne. Tsohon da haddarsa ta jure wannan, a tsibiri ko a ɗakin haya, ba ya bukatar a ƙara masa shekaru da sarƙa.

Ba Alƙur'ani kaɗai ya rubuta ba, kuma littafinsa na biyu shi ya fi kusantar da shi gare mu. Sunansa Ma'arifatul Islam wal Iman, shafi fiye da 600 cikin Larabci da Malayanci, ana danganta kammala shi da 1781. Akwai fiƙihu a ciki bisa mazhabar Shafi'i, akwai addu'o'i da laƙani. Amma ɓangaren tauhidi a kan Ummul Barahina ya gina shi, littafin Shaihu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490. Shi ne dai wanda ake karantawa a zaurukan Tawa da Agadas da Sakkwato da Kano, mai sifofi 20 da suka wajaba ga Allah. Shi Bashafi'e, mu Malikawa, tsakaninmu da Tidore tafiyar watanni a teku, amma littafin da ya fito daga kansa da aka raba shi da komai shi ne wanda ɗalibi a Adar ke biyawa gaban malaminsa.

Akwai masu ganin cewa wannan karatu, da yawan maganar ƙaddara da ke cikinsa, haƙuri kawai ya koya wa bayi. Ban ga haka ba. Almajiransa bayi ne da ƴantattu, a garin da bawa ba shi da izinin sa takalmi. Sanusi yana karantar da cewa babu wani abin halitta da ke da tasiri da kansa, wuta ba ta ƙuna don ikonta, wuƙa ba ta yanka don ikonta. Bawan da ya riƙe wannan ya san ubangidansa ma abin halitta ne, ikonsa aro ne. A wannan makaranta kuma bawa yana iya fin ɗa karatu, ya wuce gaba ya ja salla. Ba bore ba ne, amma kuma ba abin da mai bayi zai so a koya wa bayinsa ba ne.

A 1793 ya buɗe makaranta a titin Dorp, a gidan wani ƴantaccen bawa mai suna Coridon, mutumin Silon. Ya nemi filin masallaci aka hana, sai ya riƙa jan Juma'a a wani tsohon ramin fasa dutse a gefen gari. Masallacin Auwal, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1794, a wannan gida na titin Dorp ya tsiro, shi ne na farko a ƙasar. A 1804 hukuma ta halatta wa kowa addininsa. Malamin ya rasu a 1807 yana da shekara 95, almajiran makarantarsa sun haura 300, aka rufe shi a maƙabartar Tana Baru. Ɗaya daga cikin kwafin nasa ya ɓace wa mutane har shekarun 1980, lokacin da masu gyaran masallacin suka tsince shi a saman rufi, warwaren takardu ba ɗinki, kamar yadda namu suke.

Sauran tarihin tsibirin an fi saninsa. Ingilishi sun karɓi Kef, suka riƙa jefa sarakunan Xhosa a tsibirin. Daga 1846 zuwa 1931 ya zama wurin ware kutare da masu taɓin hankali. A yaƙin duniya na biyu aka girke manyan bindigogi. Gwamnatin wariyar launin fata ta mayar da shi kurkuku a 1961, Mandela ya yi 1964 zuwa 1982 a ciki, shi ma da fasa dutse. Fursunonin siyasa na ƙarshe sun fita a 1991, aka rufe kurkukun a 1996, UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Wanda ya je yau zai ga wata ƙubba mai koren kai kusa da katangar kurkukun, an gina ta a 1969. Mutane da yawa suna zaton ta Tuan Guru ce. Ba tasa ba ce, shi yana Tana Baru. Sunan da ake kiran mai ita Sayyid Abdurrahman Moturu, ana kuma cewa sarkin Madura ne. A nan ma an haɗa mutum biyu an mayar ɗaya. Akwai Cakraningrat na huɗu, sarkin Madura, abokin kamfani da suka ɓata aka kawo shi, ya rasu wajen 1754. Akwai kuma wani malami, Haji Matarim, da aka kawo a 1744 tare da Sayyid Alawi mutumin Mokha ta Yaman, ya rasu a tsibirin a 1755. Gawar sarkin an mayar da ita Madura bisa roƙon ɗansa. Kabarin da ya rage, a ganina, na Matarim ne, kuma shi Musulmin Kef ke shiga jirgin ruwa su ziyarta kowace shekara.