Daga Jami'a Zuwa Ɗakin Haihuwa: Tarihin Fafutukar Ceton Uwa

Hausawa na cewa kabarin mai jego a buɗe yake har sai ta yi arba'in. Wannan magana ta girmi asibiti a ƙasarmu, kuma a Tunuga da ke gundumar Gaya, kusa da iyakokin Najeriya da Benin, babu dattijuwar da ba ta san ma'anarta ba. An daɗe ana ɗaukar mutuwar mace wurin haihuwa a matsayin abin da ba a tuhumar kowa a kansa. Ƴan jami'a, malamai da ɗalibai, suna cikin waɗanda suka fara tambayar dalili.

Tambayar ta samu amsa mai ƙarfi a Zariya. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa mutuwa ta fi afka wa matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda aka kawo bayan naƙuda ta yi tsawo, da ƴan matan da suka ɗauki ciki ƙugunsu bai gama girma ba. Ya kuma nuna cewa macen da ta yi makaranta ta fi ƴar'uwarta tsira. A jami'ar dai, wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a 1982 ya haifar da ƙungiyar WIN, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta, kuma ta buɗe ƙofarta ga maza da mata. Taron duniya kan tsirar uwa da aka yi a Nairobi a 1987 ya zo ne bayan waɗannan.

A Nijar kuwa, hanyar ta bi ta kan titi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zanga, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai 3 suka rasu. Ba batun haihuwa ya fito da su ba, amma jininsu ya buɗe ƙofar babban taron ƙasa na 1991. Da aka kafa kwamitin shirya taron, mace ɗaya tak aka saka. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai har sai da aka ƙara masu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar.

Daga nan aka fara ganin amfanin samun murya. A 1998 Salamatu Traore ta kafa ƙungiyar Dimol don kula da masu yoyon fitsari, cutar da doguwar naƙuda ke bari. A 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso a zaɓe da naɗe-naɗe. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa iyali kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta haɗa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, duk da cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya raunana tsarin. A 2008 aka buɗe makarantun magidanta a jihar Damagaram, inda mazaje ke tattauna lafiyar matansu, domin izinin fita a hannunsu yake.

To amma doka a Yamai ba ta ɗaukar mai naƙuda daga ƙauye. A 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe uwa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mai ciki a karkarar Tunuga na iya haɗuwa da dukansu a dare guda: kunyar haihuwar fari ta hana ta faɗa, maigida ya tafi cin kasuwa Kamba, damina ta ɓata hanyar zuwa asibitin Gaya.

Jinkiri na biyu da na uku aikin hukuma ne. Na farko kuwa yana hannun malamai da ƙungiyoyi, kuma muna da abin koyi na gida. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har ɗakunansu, ta hanyar Ƴan Taru. Ɗalibin da ya dawo hutu daga Yamai ko Dosso, da malamar da ta roƙi uba ya bar ƴarsa ta gama makaranta, wannan aikin suke ci gaba da yi. An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma wannan ciwon, mai ba da izinin fita da mai amalanken da zai kai ta duk suna da hannu a maganinsa.