Masu zarto da mai hoto: dazuzzukan Amurka da tambayar wani ɗan lakol

A makon da ya wuce ina cikin darasin tarihi da ƴan aji shida, muna maganar yadda karkararmu take kafin farin 1973 da na 1984, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, kakata ta ce a da kura na kuka a bayan garinmu. Ina hoton dajin?" Ba ni da abin nuna masa. Littafinmu na da hotunan sarakuna da na gwamnonin mulkin mallaka, amma babu hoton mai faskare ko ɗaya, balle na dajin da ya shiga da gatarinsa. Wannan tambaya ce ta tuna mini da wata ƙasa da ita ma ta sare dazuzzukanta, sai dai ita ta samu waɗanda suka tsaya da kyamara lokacin da ake saran.

A arewa maso yammacin Amurka, a jahar Washington da ke bakin tekun Pasifik, ruwan sama na da yawa, shi ya sa itatuwan can ke kai shekaru ɗaruruwa, kaurin gindin wasu ya wuce mita 3. Da layin dogo ya isa yankin a ƙarshen ƙarni na 19, sai kamfanonin katako suka kwararo. A 1900 wani attajiri mai suna Frederick Weyerhaeuser ya sayi daji na fiye da hekta 360,000 daga hannun kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific. Zuwa 1905 jahar Washington ce kan gaba a duk Amurka wajen fitar da katako. Garuruwa suka riƙa tsirowa a gefen kowane injin yanka katako: gidajen kwanan leburori, kanti, coci, tashar jirgi.

A cikin wannan hada-hada wani mai hoto, Darius Kinsey, ya samu sana'arsa. An haife shi a Missouri a 1869, ya ƙaura Washington a 1889. A 1896 ya auri Tabitha, suka zauna a ƙaramin garin Sedro-Woolley, kafin su koma Seattle a 1906. Aikinsu rabe yake gida biyu. Shi ne ke shiga daji ɗauke da babbar kyamara mai ƙafa uku da farantan gilashi masu nauyi, ita kuma tana gida a ɗaki mai duhu tana wanke hotunan tana buga su a takarda. Kusan shekara hamsin suna haka. A 1940 ya faɗo daga kan wani kututture ya karye haƙarƙari, aikin ya tsaya, ya rasu a 1945. Dubban hotunansu na ajiye a gidan tarihi na Whatcom da ke birnin Bellingham.

Kinsey bai shiga daji don rubuta tarihi ba. Ɗan kasuwa ne, kuma masu sayen hotunansa su ne leburorin kansu, don su aika wa iyayensu a gida. Wannan ya sa mutanen da ke cikin hotunan suke kallon kyamara ido cikin ido, suna alfahari da aikinsu. Za ka ga mutum biyu tsaye a kan allunan da suka cusa a jikin itace sama da ƙasa, saboda gindin ya yi kauri da yawa ba ya saruwa daga ƙasa, dogon zarto mai mariƙi biyu jingine a gefe, na uku kuma yana kwance cikin bakin saran don a ga girman itacen. Idan ka jera hotunan shekara bayan shekara sai ka ga yadda aikin ya sauya: da farko shanu ne ke jan gungume a kan hanyar da aka shimfiɗa da itace, sai injin tururi mai igiyar ƙarfe ya karɓa, sai jirgin ƙasa ya shiga har tsakiyar daji. Kowane sabon inji na ƙara saurin saran.

Sai dai hoton da mutum ya biya kuɗi a ɗauke shi ba ya nuna komai. Aikin katako na cikin mafi haɗari a Amurka ta wancan lokaci, kuma masu yanka ƙananan allunan rufin ɗaki an san su da guntulallun yatsu. A 1916 yajin aikinsu a garin Everett ya kai ga harbe-harbe da asarar rayuka. A 1917 leburorin daji da na injuna suka yi babban yajin aiki suna neman a mayar da aikin yini awa 8, suka kuma samu a 1918. Wanda ya tsaya ga hotunan alfahari kaɗai ba zai san wannan ba. Haka kuma ba zai san cewa ƙasar da ake sarewa ta ƴan asalin Amurka ce, waɗanda aka tura keɓaɓɓun yankuna kafin zuwan injuna.

Kashi na biyu na labarin ya zo bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1929. Gine-gine suka tsaya, injunan katako da yawa suka rufe. A 1935 gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta buɗe wani sashe na ɗaukar hoto a ƙarƙashin Roy Stryker, a cikin hukumar taimakon manoma da daga 1937 aka sani da FSA. An tura masu hoto irin su Dorothea Lange, Walker Evans, Russell Lee da Arthur Rothstein, daga baya Gordon Parks, su zagaye ƙauyuka su nuna halin da talaka ke ciki. Sun bar hotuna baƙi da fari kimanin 175,000, waɗanda ke ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma kowa na iya kallonsu kyauta a intanet.

A 1939 Dorothea Lange ta je arewa maso yamma, ta ɗauki abin da ya rage bayan sara: filaye cike da kututture har iya ganin ido, da iyalan da suka sayi irin wannan ƙasa da araha suna fama da tumɓuke saiwoyi don su samu wurin shuka. A watan Oktoba na shekarar ta isa ƙauyen Ola a jahar Idaho, inda manoman da gona ta kasa riƙewa suka haɗa ƙungiya, suka kafa ɗan injin yanka katako nasu da bashin hukumar. Ta ɗauke su a daji, a bakin inji, da matansu a ƙofar gidajen da aka gina da katakon ƙungiyar. Su ma waɗannan hotuna da manufarsu, domin gwamnati na son nuna cewa shirinta na aiki, kuma Stryker kan huda hotunan da bai so da abin huda takarda. Matar da ke cikin fitaccen hoton Lange na 1936, Florence Thompson, ba a rubuta sunanta ba, sai a 1978 duniya ta san ko wace ce.

Mu ma a Nijar hoto ya taɓa yi mana shaida. Masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, sun kwatanta hotunan sama na 1975 da na farkon shekarun 2000, suka ga itatuwa sun ƙaru sosai a gonakin jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Manoma ne suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona suna sassabe su maimakon tumɓukewa, har aka kiyasta fili mai kusan hekta miliyan 5. Ba don tsofaffin hotunan ba, da an ci gaba da cewa hamada ce kawai ke cin ƙasarmu. Amma hoton sama itace yake nunawa, ba ya nuna fuskar manomin da ya raine shi.

Wannan giɓin ne nake ganin malaman makaranta za mu iya cikewa. Waya mai kyamara na hannun kusan kowane matashi, cike da hotunan biki da suna. Wa ke ɗaukar masu sayar da katako a kasuwar Katako ta Yamai, ko kafintocin unguwa a bakin injinsu, ko masu amalanken itace da ke fitowa daga dajin Baban Rafi? A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, a rubuta sunansa da garinsa da ranar, a ba shi nasa kwafin kamar yadda Kinsey ke yi, a kuma buga a takarda, domin waya kan ɓace ko ta lalace.

Na ba ƴan ajina aiki: kowa ya ari waya a gida ya ɗauko babban itacen da ya fi tsufa a unguwarsu, tare da dattijon da ya san labarinsa. Yaron da ya yi tambayar ya ce shi kakarsa zai ɗauka, a daidai wurin da ta ce dajin ya fara.