Yadda Ƙugiyar Hausa Ta Samu Shiga Wasiƙar Imel



Duk wanda ya daɗe yana aika rubutun Hausa ta imel ya taɓa ganin wannan abin takaici: a rubuta "ƙasa", ta isa wurin edita a matsayin "Æ™asa", a rubuta "ɗa" ya koma "É—a". Wasu kan ɗora laifin a kan kwamfuta, wasu su ce ƙwayar cuta ce ta shiga. Asalin matsalar ya girmi yawancinmu, kuma wanda ya san tarihinta zai iya gyara ta cikin 'yan mintoci.

A shekarar 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya bai wa kowane harafi lambarsa domin na'urori su fahimci juna. Gurbi 128 kacal ke cikinsa: baƙaƙe da wasulan Ingilishi manya da ƙanana, alƙaluma, alamomin rubutu, da wasu umarnin na'ura. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A lokacin kuwa waɗannan baƙaƙe masu ƙugiya sun riga sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Waɗanda suka tsara ASCII harshensu kawai suka duba.

A 1971 wani injiniya, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, kakar intanet, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar aika saƙo da ake kira SMTP, wadda har gobe da ita ake tura imel. Ita ma a kan ASCII aka gina ta. Ma'ana, hanyar da wasiƙa ke bi an shata ta ne daidai faɗin Ingilishi.

Aikawa daban, karɓa daban. Kwamfutar gida ba ta kwana a kunne, don haka saƙo yakan sauka a sabar, ya jira mai shi kamar wasiƙa a akwatin gidan waya. Hanyoyi biyu aka ƙirƙiro na ɗauko shi. Ta farko ita ce POP, ta fito a 1984, zubinta na uku kuma a 1988. Al'adarta ita ce ta kwaso saƙonni zuwa kwamfutarka ta share su daga sabar. Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya tsara a Jami'ar Stanford a 1986. Ita tana barin saƙonnin a sabar, kai dai leƙawa kake yi daga duk na'urar da ka ga dama.

Manhajar da ta kai imel teburin mutane da yawa ita ce Eudora, wadda Steve Dorner ya rubuta a Jami'ar Illinois a 1988. Abin da zai burge marubuci shi ne sunan marubuciya ya sa mata, wato Eudora Welty, saboda wani gajeren labarinta a kan wata mata da ta yi fushi da danginta ta tare a gidan waya. Kamfanin Qualcomm ya karɓi manhajar a 1991, ya daina bunƙasa ta a 2006. Duk da farin jininta, ta tafi ba ta iya sarrafa haruffan harsunan duniya yadda ya kamata ba.

Sauyi ya zo ne cikin shekara biyu. A 1991 aka fitar da Unicode, babban kundin da ke nufin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa, kuma tun farkon shekarun 1990 baƙaƙenmu masu ƙugiya suka samu gurbi a ciki, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, wanda ya ba da damar maƙala fayil a saƙo, ya kuma sa kowane saƙo ya ɗauki wata 'yar shaida a kansa mai faɗin tsarin da aka rubuta shi da shi. A watan Satumba na shekarar ne Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, dabarar da ke barin haruffan Ingilishi yadda suke, ta rubuta sauran da bayit biyu zuwa huɗu.

A nan ne asirin "Æ™asa" yake. A UTF-8, bayit biyu ne ke haɗuwa su ba da ƙ. Idan shaidar kan saƙon ta ɓace, ko manhajar mai karɓa ta ɗauka tsohon tsarin Yammacin Turai ne na Windows, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: na farko ya fito Æ, na biyu ya fito ™. Rubutun yana nan lafiya, karatun ne aka yi da ma'aunin da ba nasa ba. Japanawa sun sha wannan wahala har suka raɗa mata suna, mojibake.

Samuwar magani ba ta nufin ya isa ko'ina nan take. Shekaru da dama bayan 1992 manhajoji da allunan bugawa sun ci gaba da tafiya a tsohon tsari, sai masu rubuta Hausa suka nemi mafita. Wasu suka ƙera salon haruffa na musamman, wanda ba ya fita daidai sai a kwamfutar da aka ɗora shi. Wasu suka koma rubuta k'asa da d'aki, al'adar da har yau muke gani a littattafan da ke yawo a waya. Mafi yawa kuwa suka zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, ƙura ta zama kura, ƙare ya zama kare, baƙi ya zama baki. Mai karatu ya koma cankar ma'ana daga jimla.

To me wannan tarihi zai amfana wa mai saita Thunderbird, wadda Mozilla ta fitar a 2004, ko Outlook a yau? Kowane gurbi da manhajar ke nema ka cike, gadon ɗaya daga cikin waɗancan shekaru ne.

Idan ta tambaye ka POP ko IMAP, zaɓi IMAP, musamman idan kana duba saƙo a waya da kwamfuta. Wanda ya zaɓi POP bai ce a bar kwafe a sabar ba, ranar da kwamfutarsa ta mutu duk wasiƙunsa da edita sun bi ta. IMAP ma tana da nata tarkon: abin da ka share a waya ya sharu ko'ina, don haka ajiye kwafen littafinka a wani wuri daban.

Idan saƙo na shigowa amma ba ya fita, ɓangaren SMTP za ka duba, domin saitinsa daban yake. Lambar ƙofarsa yawanci 587 ce ko 465, ta IMAP 993, ta POP 995. Idan kuma an ƙi karɓar kalmar sirrinka alhali daidai take, ka sani tun 2022 Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga Gmail da ita kai tsaye. Sai dai ka shiga ta shafin tantancewar Google, ko ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman domin manhajar.

Idan baƙaƙe suka rikice, kada ka sake buga rubutun. Nemi inda manhajar ke canza tsarin haruffa ka mayar da shi UTF-8. Amma idan alamar tambaya ce ta maye gurbin ƙugiya tun daga wurin aikawa, harafin ya riga ya salwanta, sai an sake turowa.

Kafin ka aika labari gasa ko wurin mawallafi, tura wa kanka gwaji mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ manya da ƙanana, a kanun saƙo da cikinsa, ka buɗe shi a wata na'urar. Ka kuma maƙala labarin a fayil maimakon zuba shi a jikin saƙo. An ɗauki kusan shekara 30 daga ASCII zuwa UTF-8 kafin ƙugiya ta samu hanyar wucewa, yanzu kuma ba na'ura ce ke hana ta ba. Idan ta ɓace daga rubutunmu, mu ne muka bar ta.

Sai wani makon.